Suturar Mahayin Keke a Lokacin Hunturu a Ƙasar Dutse

Tun daga ranar 27 ga Agusta, 1991, da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa aka mayar da Dutse hedikwatarta, ababen hawa na zamani suke ta ƙaruwa a garin da kewayensa. Duk da haka, babur da adaidaita-sahu ba su kori keke daga ƙauyukan Dutse da Kiyawa da Jahun da Miga da Buji da Birnin Kudu ba. Da shi mai lambu yake kai tumatur da latas kasuwa, da shi lebura yake shigowa gari neman aikin yini, kuma da shi ɗalibai da malamai da dama suke zuwa makarantun da ke nesa da gidajensu. Akasarin waɗannan tafiye-tafiye tsakanin sallar asuba ne da hantsi, wato daidai lokacin da ya fi kowane sanyi a cikin yinin hunturu. Ɗalibin malanta da aka tura gwajin koyarwa a ɗaya daga cikin waɗannan ƙauyuka zai ga abin a jikinsa, zai kuma gan shi a jikin yaran da ke gabansa: yaro ya iso aji yatsunsa sun ƙage ya kasa riƙe biro, wani kuma ya iso rigarsa sharkaf da gumi, bayan minti goma ya fara karkarwa. Dukkan su biyun sutura ce ta ba su matsala, kowa ta fuskarsa.

Ɗari da Sanyi

Hausa ta bambanta ɗari da sanyi, ko da yake a maganar yau da kullum ana yawan musanya su. Sanyi ya fi dangantaka da laima, kamar sanyin ruwan randa ko na safiyar damina. Ɗari kuwa busasshen sanyi ne da iska ke kawowa, shi ne na hunturu. Idan ya tsananta a ce ana jaura ko ana muku-muku, ƙurar da ke rufe sararin sama kuma a kira ta hazo ko buda. Wannan bambanci yana da amfani ga mai son fahimtar halin mahayin keke, domin shi yakan haɗu da duka biyun a tafiya guda: ɗari daga waje, sanyin laima daga cikin rigarsa.

Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, daga ƙarshen Nuwamba zuwa wajen tsakiyar Maris, kuma ta fi ƙarfi a Disamba da Janairu. Kaso mai yawa na ƙurar da take ɗaukowa daga kwarin Bodele ne a ƙasar Cadi, inda wani tsohon tafki ya ƙafe ya bar farar ƙasa mai laushi, iska kuma take matsowa ta tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi ta kwashe ta. Iska ce busasshiya ƙwarai, ta yadda laimar da ke cikinta takan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100 da rana. Da yake babu gajimare ko laimar da za ta riƙe zafin da ƙasa ta sha da rana, sai zafin ya tsere sama cikin dare. Saboda haka a wannan yanki ma'aunin zafi yakan nuna tsakanin digiri 10 zuwa 14 na Salshiyas gab da fitowar rana, da azahar kuma ya haura zuwa 28 ko 30. Ke nan mutumin da ya fita da asuba ya dawo da azahar ya ratsa yanayi biyu da rigar da ya fito da ita. Haka kuma sanyin ba ɗaya ba ne a kan hanya. Iska mai sanyi ta fi mai ɗumi nauyi, don haka cikin dare takan gangaro ta taru a kwari da fadama. Wanda ya saba bin hanyoyin fadamun Jahun da Miga, ko kwarurukan da ke tsakanin duwatsun Dutse, ya san wuraren da sanyi yake tsinka mutum farat ɗaya kamar an watsa masa ruwa.

Yadda Jiki Yake Asarar Zafi a Kan Keke

Jikin ɗan Adam yana ƙoƙarin tsayar da zafinsa na ciki a wajen digiri 37. Idan mutum yana zaune wuri ɗaya, fatarsa tana ɗumama 'yar iskar da ke manne da ita, wannan siririyar iska mai ɗumi kuma ta zame masa kamar mayafi. Aikin tufa shi ne ta tsare wannan iska kada ta gudu. Tufa ba ta haifar da zafi da kanta. Zafin na jiki ne, ita riƙewa kawai take yi. Da zarar iska ta kaɗa, sai ta yaye wancan mayafi, jiki ya sake ɗumama wata, ita ma a yaye ta, haka nan har mutum ya fara karkarwa.

Mahayin keke shi yake ƙirƙirar iskarsa. Ko da gari ya yi tsit, idan yana gudun kilomita 15 a sa'a, to iska mai gudun kilomita 15 ce take dukan ƙirjinsa. Idan kuma ya fuskanci hunturu, gudunsa da na iskar haɗuwa suke yi. Wanda ya tashi daga Dutse ya nufi Jahun, alal misali, kusan kai-tsaye yake shiga cikin iskar, mai zuwa Shuwarin da Kiyawa ta gabas kuma tana dukansa ta gaba da gefen hagu, alhali mai tahowa Dutse daga waɗannan wurare iskar tana bayansa tana tura shi. Masana sun daɗe da auna wannan al'amari. Wasu Amurkawa biyu, Paul Siple da Charles Passel, sun yi gwaji a yankin ƙanƙara na Antaktika, suna rataye ruwa a cikin gwangwanin roba suna duba saurin daskarewarsa a iska daban-daban, suka buga sakamakon a 1945. A 2001 hukumomin yanayi na Amurka da Kanada suka fito da sabon lissafi. Bisa wannan lissafi, idan ma'auni ya nuna digiri 10, iska mai gudun kilomita 15 takan sa fata ta ji kamar digiri 8, mai gudun kilomita 30 kuma kamar digiri 7 ko ƙasa kaɗan. A takarda bambancin ba shi da yawa, amma ga wanda ke sanye da kaftani mai shara-shara na tsawon sa'a guda, ba ƙaramin abu ba ne.

Sai dai kuma iska rabin matsalar ce. Jijiyoyi da tsokar mai tuƙa keke tamkar murhu suke. Daga cikin ƙarfin da jiki ke ƙonawa wajen taka feda, kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar ne kawai yake tafiya wajen tura keken, saura duk zafi yake zama. Shi ya sa wanda ya fito yana kyarma yakan fara jin ɗumi bayan minti goma ko goma sha biyar, idan kuma ya hau tudu da kaya a kariya sai gumi ya karyo. A nan haɗarin yake. Ruwa ya fi iska saurin janye zafi da kusan ninki 25, saboda haka jiƙaƙƙiyar riga ta daina tsare ɗumi, ta koma hanyar da zafi yake bi ya fita. Bugu da ƙari, busasshiyar iskar hunturu tana ƙafar da gumi da gaggawa, kuma duk ruwan da ya ƙafe sai ya tafi da zafin abin da yake kansa. Kowace uwar gida ta san haka a aikace: ruwan randar ƙasa ya fi sanyi a hunturu, domin ruwan da ke tsattsafowa ta jikinta yana ƙafewa yana sanyaya na ciki. Mahayin da ya jiƙa rigarsa a hawan tudu, sannan ya saki feda ya gangara ko ya tsaya, ya zama randa.

A nan ne ake gane kuskuren kwaikwayon ɗan acaɓa. Mai babur yana gudu ninki uku ko huɗu na mai keke, kuma zaune yake ba ya motsa jiki, don haka jibgegiyar jaket mai kauri ita ce daidai da shi. Irin waɗannan riguna suna cika kasuwannin ƙauye da zarar kaka ta wuce, akasari gwanjo ne da ake sarowa daga Kano, musamman Ƙofar Wambai, kuma da yawansu an ɗinka su ne don ƙasashen da ƙanƙara ke zuba. Idan mai keke ya zura irinta a kan singileti, zai ji daɗin minti goman farko, daga nan ya jiƙe. In ya cire ta iska ta same shi a jiƙe, in ya bar ta ya ci gaba da dahuwa. Riga ɗaya mai kauri zaɓi biyu kawai take bayarwa, alhali tafiyar tana bukatar zaɓi da yawa.

Sutura Hawa-Hawa

Abin da ya fi dacewa shi ne tufafi marasa kauri da aka jera hawa-hawa, kowace da aikinta. Tsakanin kowace riga da ta samanta akwai iskar da ta maƙale, ita ce ke riƙe ɗumi, kuma ana iya rage su ɗaya bayan ɗaya gwargwadon yadda rana take ɗagawa.

Rigar da ke manne da fata ita ce aka fi yi wa sakaci, alhali ita ce ta fi muhimmanci. Auduga tufa ce mai daɗi a bazara saboda tana shan gumi ta riƙe shi ta sanyaya jiki, wannan hali nata kuwa shi ne aibinta a hunturu. Zaren roba, wato foliyesta, ba ya shan ruwa sosai, yakan miƙa gumi ga rigar da ke samansa ya bushe da wuri. Ba sai an nemi wata tufa mai tsada ba: rigar ƙwallo, irin jesin da yara ke saya a kowace kasuwa, da wannan zare ake yin ta, kuma ta fi singiletin auduga amfani a ƙarƙashin kaftani ko rigar makaranta. Hawa na biyu shi ne na riƙe ɗumi, wato suwaita. Ta ulu ta fi, domin ulu yana iya shan laima kusan kashi 30 cikin 100 na nauyinsa ba tare da an ji shi a jiƙe ba. Amma suwaita saƙa ce mai ƙofofi, iska tana ratsa ta kamar rariya, shi ya sa wanda ya sa ta ita kaɗai a waje yakan yi mamakin yadda ɗari ke shigarsa. Dole sai da hawa na uku, wato siririyar jaket mai matsattsiyar saƙa wadda iska ba ta ratsawa. Ba a bukatar ta yi kauri, amma lalle ta kasance mai zif ko maɓallai a gaba, domin da zif ne mahayi yake sarrafa zafin jikinsa: ya ja shi ƙasa a hawan tudu tun kafin gumi ya karyo, ya mayar da shi sama kafin gangara ko shiga fadama.

Wanda ba shi da jaket yana da wata dabara mai arha. Tun da iskar ta gaba take zuwa, ƙirji da ciki ne ke bukatar kariya, baya kuwa gara a bar shi ya fitar da zafi. Tsohuwar jarida da aka ninka, ko kwali marar kauri, idan aka cusa a gaban ƙirji tsakanin suwaita da riga, yana tare iska sosai. Masu tseren keke na Faransa, wanda aka fara a 1903, sun daɗe suna karɓar jarida daga hannun 'yan kallo a kan tsauni su cusa a riga kafin su gangara. Leda ma tana tare iska, sai dai tana tsare gumi, don haka idan za a yi amfani da ita a tsaya ga ƙirji kawai, kuma kada ta taɓa fata.

Akwai ma'auni mai sauƙi da mahayi zai gane ko ya yi shiga daidai. Idan yana tsaye a ƙofar gida kafin ya hau keke yana jin ɗumi sosai, kayan sun yi yawa. Kamata ya yi ya ji ɗan sanyi-sanyi a farkon tafiya, ya bar wa jikinsa sauran aikin.

Babbar Riga da Rawani

Suturar Bahaushe ta gargajiya amsa ce ga zafi, domin zafi ne ya fi yawa a shekararsa. Babbar riga da jamfa da wando mai faɗi an yanka su ne don iska ta shiga ta fita. A kan keke cikin hunturu wannan fa'ida takan juye: iska ta shiga ta wuya da hannuwa ta kumbura rigar, ta kwashe ɗumin da ke ciki, ta kuma riƙa jan mahayin baya har tuƙi ya yi nauyi. Ban da haka, gefen riga ko bakin wando yana iya shiga sarƙa ko wayoyin ƙafar keke ya kayar da mutum. Dattawan da suka saba sukan naɗe babbar riga su ɗaure a kariya sai sun isa sannan su sa, ko su tattare ta su yi ɗamara a ƙugu. Ɗamarar tana da amfani biyu, tana hana rigar lilo, tana kuma toshe hanyar da iska ke bi daga ƙasa zuwa sama. Bakin wando kuma a cusa shi cikin safa ko a ɗaure da roba. Yafa bargo ko gwado a kan keke, wanda ake yawan gani da asuba, shi ne mafi muni: hannu ɗaya yana riƙe da mayafi maimakon birki, gefensa kuma yana reto kusa da taya.

Rawani kuwa hukuncinsa dabam ne. A duk suturar gargajiya babu wadda ta dace da wannan yanayi kamarsa, kuma ba abin mamaki ba ne, tun da Buzaye da sauran mazauna hamada, inda iskar take fitowa, da shi suke rayuwa. Yana rufe kai da kunnuwa da wuya, amawali kuma ya rufe baki da hanci. Numfashin da mutum ya fitar yana barin ɗumi da laima a jikin ƙyallen, iskar da zai shaƙa ta biyo ta nan ta ɗan ɗumama ta kuma rage bushewa, wani ɓangare na ƙura ma ya tsaya. Wannan yana da muhimmanci ga mai tuƙi, domin yana shaƙar iska ninkin-ba-ninkin na wanda ke zaune, sau da yawa ta baki, kuma busasshiyar iska mai sanyi tana daga cikin abubuwan da ke tayar da asma da tari. Matashin da ba zai naɗa rawani ba yana iya samun kusan wannan amfani daga hular sanyi mai rufe kunne da ɗan ƙyalle a wuya, ko takunkumin da jama'a suka saba da shi tun annobar korona ta 2020. Sharaɗi ɗaya ne: a soke jelar rawani ko ƙyallen a cikin riga, kada a bar ta tana shawagi. Haka nan ɗaliba mai dogon hijabi, ko ita ke tuƙi ko goya ta aka yi, ta tattare gefensa ta zauna a kai.

An daɗe ana cewa rabin zafin jiki ta kai yake fita. Wannan magana ba ta inganta ba. Kan babban mutum kusan kashi 10 cikin 100 ne na faɗin fatarsa, kuma asarar da ake yi ta nan ba ta yi nisa da haka ba. Amma idan an rufe ko'ina aka bar kai, to ta nan ɗin ne ƙofa take buɗe, kuma hular zanna ko kufi ba ta sauko kan kunne.

Hannu da Ƙafa

Idan jiki ya ji sanyi, yakan tsuke hanyoyin jinin da ke zuwa yatsu da kunnuwa don ya adana zafi ga zuciya da sauran kayan ciki. Hannun mahayi kuwa shi ne a sahun gaba, ba ya motsi, kuma sau da yawa a kan ƙarfe yake, domin robar kan tsofaffin kekuna irin su Raleigh da Phoenix ta daɗe da cinyewa. Yatsun da suka sandare ba sa matse birki da sauri, wannan kuma ya fitar da batun daga jin daɗi zuwa tsira da rai. Safar hannu ta saƙa tana taimakawa, ta fata ko mai rufin roba ta fi ta tare iska, kuma ko tsumma aka naɗa a kan ƙarfen an rage wani abu. Sai dai kada safar ta yi kaurin da za ta hana jin birki. A ƙafa, silifa ba ta da wani amfani a wannan lokaci. Takalmi sau-ciki da safa shi ne daidai, amma kada a cusa safa biyu a matsattsen takalmi, domin matsi yana hana jini gudu ya ƙara sanyin. Man kaɗanya ko basilin a leɓe da bayan hannu da dunduniya kafin fita yana rage tsagewar fata da kaushi da faso.

Hazo ma yana da nasa hukunci a kan sutura. Hukumar Kula da Yanayi ta Nijeriya, wadda aka kafa da dokar 2003, takan yi gargaɗin ranakun da ƙura za ta hana ganin abin da ya wuce mita 1,000, wani lokaci ƙasa da haka. Akasarin rigunan sanyi na gwanjo baƙaƙe ne ko masu duhu, kuma mahayin da ya sa irinsu ya hau babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri ta Shuwarin da duku-duku, direban tirela ba zai gan shi ba sai ya zo dab da shi. Rigar waje ta kasance fara ko mai haske, kuma rufin kunne kada ya kai kaurin da zai toshe ƙarar ham.

Yaron da aka goya a kariya ya fi mai tuƙi jin jiki. Ba ya taka feda balle jikinsa ya yi zafi, ƙafafunsa suna reto a iska, kuma ƙaramin jiki ya fi babba saurin hucewa saboda fatarsa tana da yawa idan aka gwada da nauyinsa. Shi ne ya cancanci jaket mai kauri irin ta ɗan acaɓa, da hula da safa, ko da mai tuƙin bai sa ba.

Isowa makaranta ba shi ne ƙarshen lamarin ba, hasali ma mintunan farko bayan sauka su ne jiki ya fi saurin hucewa, domin murhun ya mutu amma rigar tana da laima. Tsayar da yaran da suka yi tafiyar kilomita da dama a fili cikin iska don dogon taron safe, ko tilasta musu cire suwaita saboda ba ta cikin kayan makaranta, abu ne da malami zai iya sassautawa ba tare da ya karya doka ba: a yi taron a gefen ginin da ke kare iskar arewa maso gabas, a kuma bar yaro ya sa abin sanyinsa a ƙarƙashin rigar makaranta. Inda aka hura wuta don jin ɗumi, kamar wurin mai shayi a bakin hanya, a tuna cewa jesi da jaket na zaren roba narkewa suke yi su manne a fata idan tartsatsi ya same su, kuma hannun da ya sandare ba ya jin ƙuna da wuri, gara a cusa shi a hammata har ya saki. Lokacin tashi kuwa, wajen ƙarfe ɗaya ko biyu, rana ta kai digiri 30, jaket da suwaita sun zama kaya. Siraran tufafi suna naɗuwa su shiga jakar littattafai, ko a ɗaure su a kariya da tsinken robar tsohon tiyub, jaridar ƙirji kuma a ninke ta a ajiye don gobe da asuba.